Ku Mayar Wa Babana Da Tsagensa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera sabuwar kwamfutar hannun nan mai faɗin faranti,
Ta hannun duk wanda ya iya Hausa a ofishinku.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin wadda ta dace da manya, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Ban san ƙasar da kake ba, balle in tambaye ka ruwa ko sanyi. Mu dai nan zafi ake yi, kuma kayanku sun fi mu jin jiki.

Sunana Lawwali, tela ne ni a cikin garin Sabon Birni, amma gidanmu yana Unguwar Lalle. Ban rubuta sunan kamfaninku ba, ba don tsoro ba, sai don kada in yi muku talla kyauta. Na zaɓi in yi magana a bainar jama'a ne saboda na gwada lambar da kuka sa a jikin kwali, wata mata ta yi ta ce mini da Turanci in danna ɗaya, in danna biyu, har katina ya ƙare ban ji muryar mai rai ba.

Bari in faɗi abin da ya kawo ni tun yanzu, kada ka zaci kuɗina nake so a mayar mini. Na ɗauki mahaifina hoto da kwamfutarku, ita kuma ta shafe masa tsagen Gobirawa da ke fuskarsa ba tare da ta shawarci kowa ba. Mahaifina ya rasu, kuma wannan ne kaɗai hotonsa na kirki da muke da shi. Ina so ku mayar masa da tsagensa. Amma tunda yau na samu kunnen babba, za ni fara sauke ƙananan kaya kafin in zo ga babban.

Kafin kwamfutar nan ta iso garinmu, labarinta ya riga ta zuwa. A teburin mai shayi an ce ba ta son caji, hasken rana kawai take sha. Wani direba ya rantse cewa in ka nuna mata mutum za ta faɗi yadi nawa zai ishe shi riga da wando. Wani kuma ya ce tana jin kowane yare, har Fillanci. Ni ban yarda da duka ba, na dai yarda da rabi. Burina ɗan kaɗan ne. Masu kawo mini ɗinki sun gaji da runtse ido a kan ƙaramar wayata suna neman aikin wuya, sai na ce in samu abu mai faɗi da mutum zai ga zare ɗaya-ɗaya ya zaɓa, kada bayan an gama ya ce ba wannan ya nuna ba. Na ba da saƙo aka sayo mini daga Sakkwato. Abin da na biya ba za ni rubuta ba, don uwargidana ta iya karatu. Ranar da aka buɗe kwalin, shagona ya cika har masu wucewa suka zaci wani ne ya faɗi. Daga ranar aka raɗa mata suna farantin Lawwali.

Na ɗaya, maganar girma da santsi. Ranka ya daɗe, wane aljihu kuka auna? Na yi shekara da shekaru ina yanka aljihu, na manya da na yara, ban taɓa ganin wanda abin nan zai shiga ba. Sai da na ɗinka mata nata na musamman a cikin rigata, yanzu in ina tafiya kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, mutane suna yi mini sannu. Bayanta kuma kun yi shi sumul, ko ina ba wurin kamawa. Ku da kuke riƙe ta a kan kujera mai laushi ba ku san abin da ake ciki ba. A zo a hau bayan babur da ita zuwa Burkusuma, cikin yashi, hannu ɗaya na riƙe da ƙarfen baya, ɗaya na dafe da ƙirji, sannan a dawo mu yi maganar kyau.

Na biyu, rana. A cikin tallanku na ga wata baiwar Allah zaune a bakin ruwa tana karatu da ita tana murmushi. Ban san irin ranar da ake yi a can ba. Tamu in ta fito, gilashin nan madubi yake komawa, ba abin da za ka gani sai hancinka. In ka dage, sai ta ɗauki zafi ta rubuto cewa tana bukatar hutu, ta kashe kanta. Ni da na saye ta ban huta ba. Har gindin randa nake kai ta in jingine, ta sha sanyi, kafin ta yarda ta ci gaba da aiki. Cajin kuma da aka ce ba ta so, ta fi jariri nema, ga bakin wayar cajinta daban da na kowa. Mai cajin kasuwa ya ce wurin waya uku take tarewa a teburinsa, ya fara yi mini kallon wanda ya kawo raƙumi ɗaurin awaki.

Na uku, yatsa da harshe. Kun ce ba mai buɗe ta sai mai ita, da zanen yatsansa. Madalla. To, ku sani babban yatsan tela allura ta gama da shi, in kuma damina ta faɗi ya koma gona, sauran zanen fartanya ce ke kwashewa. Kwamfutar da na saya da gumina takan dube ni ta ce ba ta san ni ba. Yaren da aka ce tana ji kuwa, na bi jerin daga sama har ƙasa, na ga harsunan da ban san akwai masu yin su ba, ban ga Hausa ba. Amma da na kai ɗinki Burkusuma ta jiyo sabis ɗin Nijar, nan take saƙo ya shigo ana yi mini barka da zuwa da Faransanci, alhali ƙafata ba ta bar ƙasarmu ba.

Duk waɗannan na yafe. Da su kaɗai ne da ban ɓata takarda ba, don mun saba sayen abu mu gyara shi da kanmu ya dace da mu.

Na huɗu, kuma shi ne maganar. Mahaifina, Malam Nomau, manomi ne, kuma duk rayuwarsa ba ya son hoto. In an matsa masa sai ya ce, "Wanda ka son ganina ya taho gona." Hotonsa ɗaya da hukuma ta tilasta shi ne na katin zaɓe, wanda ya yi baƙi ƙirin har ba ka rarrabe shi da tukunyar da ta sha hayaƙi. Bagobiri ne na sosai. Tsagensa sun taso daga gefen baki sun baje har kusa da kunne, hagu da dama, aikin wanzaman gidanmu. A kasuwar Isa ko ta ƙetaren iyaka ba a tambayarsa daga ina, fuskarsa ta riga ta gaisa da mutane. Ku a wurinku wataƙila tabo ne. Mu a wurinmu sunan gida ne da aka rubuta inda ba ya ɓacewa, ko da yake yanzu an daina yi wa yara, kuma ban zo gardama a kan wannan ba.

Da kakar da ta wuce gero ya yi kyau, na je gida da sabuwar riga da na ɗinka masa, da farantina a ƙirji. Ban san abin da ya sauko da shi ba a ranar, ko daɗin amfanin gona ne, ko rigar ce. Ya dubi abin ya ce, "To, ɗauka guda. Guda ɗai hwa. Ka haɗo da rumbu, shi ya hi ni kyau. Kuma kak ka ce in yi dariya." Ya gyara hula ya tsaya ƙiƙam a gaban rumbun. Rana na tsaka, gilashi ya koma madubi kamar yadda na bayyana a sama, don haka da ƙiyasi na saita na danna. Kafin in shiga inuwa in duba, ta yi zafi ta kashe kanta. Baba kuwa ya riga ya tuɓe rigar ya ba da a ajiye.

Sai da na koma Sabon Birni ta sha caji na buɗe hoton. Ranka ya daɗe, aikinku ya yi kyau, ba za ni ɓoye ba. Rumbu ya fito da kowace tsagewa da ke jikin laka. Aikin wuyan rigar ya fito zare-zare, har inda na ɗan kauce. Wata kaza da ke wucewa ta fito da gashinta ɗaya-ɗaya. Amma mutumin da ke cikin rigar ban san shi ba. Wani ne fes, mai hasken fata, kumatu sumul kamar an bi su da dutsen guga, ba tsage ba tamoji. Ka ce wani ɗan kasuwa ne da bai taɓa riƙe kalme ba ya ari hular Baba. Wato na'urarku ta ga tsagewar bango ta bar ta, ta ga ta fuskar mutum ta ce wannan ƙazanta ce.

Na biyar, abin da mai gyara ya gano. Na ɗauke ta na kai wa Rasaki, Bayaraben da ke gyaran waya a bakin tasha. Ka san, ko ba ka sani ba, tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Rasaki ya ga hoton ya yi dariya har ya sauko daga benci. Ya tara maƙwabta yana cewa su zo su gani, injin Turawa ma ya gaji da kallon fuskar Gobirawa ya yi musu gyara kyauta. Na ƙyale shi ya gama, sannan na ce ya tsaya in ɗauke shi. Shi ma yana da nasa tsagen na garinsu, uku-uku a kumatu. Na danna, na miƙa masa. Ya duba, ya shafa kumatunsa, ya sake dubawa. Daga nan ba wanda ya ƙara jin dariyarsa, sai ya jawo kujera ya shiga bincike.

Can cikin wani lungu, bayan an shiga nan an fita can, ya samo wani ɗan maɓalli da kuka rubuta wa suna da Turanci, wai gyaran kyau. A kunne kuka aiko da shi tun daga kamfani. Ba a rubuta a kwali ba, ba a faɗa a talla ba, ba ta kuma tambaya kafin ta yi. Rasaki ya kashe shi, ya ce daga yau za ta bar kowa da fuskarsa, amma wanda aka riga aka ɗauka ya ɗauku, ba ta ajiye na asalin ba. Ni a lokacin ban damu ba. Har na yi ta ba da labari a shago ana dariya, ina cewa in na koma gida za ni lallaɓi tsoho ya sake tsayawa, in nuna masa yadda aka mayar da shi saurayi. Aikin Sallah ya danne ni, hanyar kuma ba kullum take biyuwa ba. Kafin in koma, zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ban ce ku kuka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Amma ina da tambaya, kuma ina so injiniyoyinku su amsa ta ba tare da dogon Turanci ba. Ni tela ne, na san ba a farke ɗinki sai an ga inda zaren yake. Kafin na'urarku ta shafe tsagen nan, dole ta gan su, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ke nan akwai lokacin da fuskar mahaifina ta gaskiya ta shiga cikinta. Ina ta kai ta? An ce duk abin da muka yi da irin waɗannan na'urori kuna da kwafinsa a can wurinku, har abin da ba mu so ku sani. In kuna ajiye abin da ba ku da haƙƙi a kansa, to ku duba ko kun ajiye wannan.

Na shida, don kada ku ce ban nemi mafita a gida ba. Bayan an share makoki na kai hoton wurin wani mai ɗaukar hoto a Isa, wanda aka ce yana iya sa wa mutum rawani ko ya tsayar da shi gaban jirgin sama. Na kwatanta masa, ya zauna ya ja layuka da kwamfutarsa, tsaf-tsaf, kowane daidai da ɗan'uwansa, aka wanke a takarda. Na hau babur na kai wa Gwaggo, yayar Baba da ke aure a Tozai, don ita ta san fuskar tun tana ɗanya. Ta riƙe takardar nesa, ta kawo kusa, ta ce, "Wanga gashin bakin mussa na, ba askar gidanmu ba." Wato kyanwa aka zana mata. Sannan ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ranar da aka yi wa Baba tsage yana jariri, ya zabura a hannun mai riƙonsa, askar ta goce, layi ɗaya a kuncin hagu ya karkace ya taɓo na kusa da shi. Kakarmu ta yi ta faɗa da wanzamin har ta rasu ba ta yafe masa ba. Ina rufe ido na ga layin nan sarai, na girma ina kallonsa ban san yana da labari ba. Amma in ce ga daidai inda ya fara da inda ya tsaya, har wani ya zana, wannan ya fi ƙarfina. Na yaga takardar a hanya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga buƙatuna.

Ku bincika rumbunanku. In fuskar Malam Nomau ta asali tana nan, ku aiko mini da ita. Ku ba kowane direban Sabon Birni a tashar Sakkwato, ku ce a kai wa Lawwali mai faranti, za ta iso.

In babu, ku faɗa mini babu, da Hausa, da bakin mutum mai suna, ba matar nan mai cewa a danna ɗaya ba. Ina da wadda zan kai wa amsar, kuma ba za ni iya ce mata ana kan dubawa ba.

Maɓallin nan kuma ku riƙa aiko da shi a kashe. Mai son a goge shi ya kunna da hannunsa, ba mu hana kowa ba, akwai 'yan takarar da ke bukatarsa. Sannan kafin ku sake fitar da wata sabuwa, ku sa wani daga cikinku ya zo ya zauna a kasuwarmu wuni ɗaya ya kalli fuskokin mutanen da kuke sayar wa kaya. Shayinsa da masaukinsa suna wuyana.

Wadda na ce zan kai wa amsa ita ce mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, kuma a al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon fuskata kai tsaye, in tana da magana da ni sai ta faɗa wa wani ko da ina zaune a wurin. Tana cikin takaba na je gaishe ta da hantsi, na tsuguna a bakin ƙofa, ƙanwata Dije na ciki. An ɓoye mata labarin hoton, amma ashe ya kai kunnenta. Ta ce, "Dije, ce mai ya kawo abin nan in ga ubanku."

Na buɗe na miƙa, Dije ta ɗora mata a cinya. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗaga yatsa ta kai kan kuncin hagu, tana neman abin da ta sani. Gilashinku kuwa ba ya son a taɓa shi a banza. Tana shafawa hoton ya zame gefe, wani samfurin aikin wuya ya fito a wurinsa. Dije ta dawo da shi. Inna ta ture abin a hankali ta ce, "Wanga baƙo na. Ku mai da ma masu shi."

Na miƙa hannu zan ɗauka, sai na ji ta ce, "Dije, ce mai ya matso haske."

Ni ma ina da tsagen, ni ne na ƙarshe da aka yi wa a gidanmu, kuma ɗan wancan wanzamin ne ya yi mini. Na matsa inda rana ke shigowa. Mahaifiyata ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, karo na farko a rayuwata. Na ga idonta na bin layukan ɗaya-ɗaya, daga baki zuwa kunne. Da ta zo kuncin hagu ta tsaya, ta daɗe a wurin. Nawa duk a miƙe suke, don an ce ni ban motsa ba. Sai ta sauke kai ta ja mayafinta. Na shekara arba'in da wani abu ina son Inna ta dube ni, ranar da ta duba kuma ba ni take nema ba. Na fito bayan ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza.

Wannan shi ne abin da gyaran kyanku ya yi a gida ɗaya a Unguwar Lalle. Ban sani ba ko akwai wanda zai karanta maka takardar nan, amma na sauke nauyi.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya ba ku ciniki, ya ba ma'aikatanku basirar tambaya kafin su gyara abin da bai lalace ba. Kai kuma Allah ya ja kwananka har fuskarka ta tara duk abin da shekaru ke rubutawa. Ranar da ba ka nan, iyalinka suka ɗauko hotonka, Allah ya sa su same ka a ciki.

Wassalam.

Naka mai saye,
Lawwali Tela,
Sabon Birni.